Abin da Reza Ta Bari: Tsokaci a Kan Wani Aikatau na Ingilishi

A wani darasin fassara da aka yi wa 'yan aji biyu na Sashen Hausa, malam ya rubuta jimlar Ingilishi a kan allo, ya ce a mayar da ita Hausa kafin ya gama kiran suna. Jimlar tana magana ne a kan iyakokin da Turawan mulkin mallaka suka shata a Afirka, da cewa lokaci ya yi da za a rabu da su. Aikatau ɗin da ke ɗauke da nauyin maganar kuwa shi ne "erase". Kafin a ce kwabo kusan kowa ya rubuta "goge" ya ajiye alƙalami, 'yan kaɗan suka rubuta "shafe". Sai wani ɗalibi guda, mutumin Lolo ta Ƙaramar Hukumar Bagudo, ya zauna riƙe da biro har aka fara karɓar takardu bai cike gurbin ba. Ba rashin sanin kalmar ya hana shi ba, domin tun yana aji uku na firamare ya san ta. Sanin da ya yi mata ne ya yi yawa.

Farkon haɗuwarsa da ita a bakin malamin Ingilishi ne, wanda kan miƙa wa wanda ya fi tsawo a aji dasta, ya umarce shi da kalmar, yaro ya hau benci ya yi ta kai da kawo da hannu har ƙurar alli ta rufe 'yan layin gaba. Su kansu yaran ba su cika faɗinta ba. Ɗan abin nan na gindin fensir "kilina" suke ce masa, kamar yadda ake ce masa ko'ina a ƙasar nan, daga kalmar Ingilishi ta tsabtacewa. Da yamma kuma yaron kan ɗauki allonsa ya zauna a zauren kakansa, wanda malamin makarantar allo ne. Wata rana yana ɗokin sabuwar kalmarsa, da ya biya karatu aka ce ya je ya wanke, sai ya ce wa tsohon ai a boko ma suna da irin wannan, ya faɗa masa sunan abin.

Tsoho ya dube shi ya ce, "Aboki, in kun goge naku, ina karatun shi ka zuwa?"

Yaro ya yi shiru, can ya ce, "Ƙura shi ka zama, Malam."

"To, namu ruwa shi ka zama," in ji tsoho, "ruwan ma ba a zubda shi inda ƙafa ka takawa."

A lokacin yaron bai ga komai a maganar ba sai wasan kaka da jika. Amma duk wanda ya yi karatun allo ya san gaskiyar da ke ciki. Ba a ba almajiri izinin wanki sai ya riƙe abin da ke kan allon, watau rubutun ba ya barin itace sai ya sami masauki a ka. Tawadar, wadda aka haɗa da gawayi da ƙaro, takan narke ta bi ruwa, a tara ruwan a zuba a keɓaɓɓen wuri, ko kuma in rubutun sha ne a ba mara lafiya. Allon da ya daɗe a hannu kuwa yakan yi duhu, in an karkata shi a rana a ga inuwar layukan shekaru birjik a jikinsa. Wanda ya fassara wannan aiki da kalmar da malamin Ingilishi ke miƙa dasta da ita, lalle ya zubar da fiye da rabin ma'anar a hanya.

Ita kalmar ta Ingilishi ba ta da wuyar bayani. Ma'anarta ita ce a cire alama daga inda aka yi ta har ya zama babu saura: rubutun fensir daga takarda, na alli daga allo, murya daga kaset, bayani daga kwamfuta. Daga nan aka faɗaɗa ta, ana cewa an yi wa tunani haka, ko gari, ko tarihin wata al'umma. Tana iya faɗa wa alamar, tana kuma iya faɗa wa abin da alamar ke kai, kamar dai yadda Bahaushe kan ce "goge rubutun" ko "goge allon". Mutanen Amurka sun fi sakin baki da ita a maganar yau da kullum, suna ƙare ta da sautin "s", mutanen Ingila kuwa da "z" suke ƙare ta, kuma in fensir ake magana sun fi son "rub out". Abin da ya fi jan hankali shi ne asalinta. Ta shigo Ingilishi a farkon ƙarni na 17 daga Latin, daga "radere", watau kankara, da ɗafin da ke nufin fitarwa. Masu rubutu a kan fata a zamanin da, in sun yi kuskure, wuƙa suke sa wa su kankare. Daga wannan saiwa ce kuma kalmar Ingilishi ta askar Bature ta fito, wadda Hausa ta ara ta ce "reza". Ashe reza da "erase" 'yan ɗaki ɗaya ne. Haka nan "roba": a 1770 masanin nan Joseph Priestley ya ba da labarin wani ƙaro da ake kawowa daga Amurka ta Kudu mai cire zanen fensir in an goga, sunan gugar ya bi ƙaron, har ya iso kasuwar Bagudo a jikin bokiti da takalmi. Kafin nan da ɓargon burodi Turawa ke wannan aiki.

Saboda haka kalmar da ta fara da wuƙa ta ƙare da roba, ta manta da tabon da wuƙa ke bari, ta koma tana alkawarin farar takarda. Hausa ba ta yi wannan mantuwa ba, kuma nan ne wahalar mai fassara take. Yawancin kalmomin da za su iya tsayawa a gurbin suna cikin abin da Parsons ya kira aji na huɗu a rabe-raben aikatau da ya fitar a 1960, masu ƙarewa da wasalin "e" mai nuna an yi aikin kakaf: goga ta ba da goge, shafa ta ba da shafe, soka ta ba da soke. Amma kowaccensu tana faɗin yadda aka yi aikin da abin da ya rage. Wanda aka soke yana nan ana karanta shi, layi kawai aka ratsa masa don a san an fasa. Wanda aka share an tura shi gefe ne, kamar dattin tsakar gida da gobe zai dawo, shi ya sa ake share hawaye, ake kuma share mutum in ba a son kula shi. Wanke tana tafe da tsarki, har kotu takan wanke wanda ake tuhuma. Goge ta fi kusa da ta Ingilishin, sai dai ita ma tana da wata fuska, domin abin da ya sha guga ƙyalli yake yi, kuma gogaggen ma'aikaci ba wanda aka kawar ba ne.

Shafe ta fi su ban mamaki. Shafa dai ɗorawa ce, kamar shafa mai ko shafa farar ƙasa, don haka shafewa, ko "shahewa" a bakin mutanen yamma, rufewa ce da wani abu har na ƙasa ya ɓace wa ido. Bangon makarantar su yaron shaida ne. Ƙasar Bagudo ta zauna a Lardin Sakkwato, ta shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ta koma Jihar Sakkwato a 1976, sa'an nan ta zama Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991. Mai fenti ya bi tsohon suna ya shafe ya rubuta sabo, amma in damina ta yi nisa fenti ya jiƙa, sai haruffan Sakkwato su leƙo ta ƙarƙashin Kebbi, yara su yi ta gasar karanta su.

Saura kankare. Ita ce ta yi daidai da asalin kalmar Latin, ita ce kuma ɗalibin nan ya sani a jikinsa.

Mahaifiyarsa mutuniyar Madekali ce, garin da ke fuskantar Lolo ta ɓangaren Jamhuriyar Benin, a kan hanyar Malanbil. Shi ne ɗanta na fari, kuma bisa al'ada gidan iyayenta ta tafi goyon ciki, can ta haihu, can ta yi wanka, ta dawo ɗakinta da jariri a baya. Babu wanda ya ɗauka an yi wata tafiya ƙasar waje. Da za a sa shi makaranta aka nemi takardar haihuwa, mahaifinsa ya faɗa wa mai cikewa gaskiya, aka rubuta Madekali da biro. Da takarda ta zo gida sai baffansa, wanda ya taɓa zama birni ya ga yadda ake yi wa mutanen bakin iyaka, ya ce wannan suna zai zame wa yaro ƙaya a gaba. Ya sa aka sayo sabuwar reza, ya shimfiɗa takardar a kan faifai, ya bi haruffan a hankali yana hurewa, ya murje wurin da farce, ya rubuta Lolo. Don ƙauna ya yi, kuma aikin ya yi kyau, har shekara goma sha ɗaya babu wanda ya lura.

A 2018, sa'ad da saurayin ke haɗa takardun neman shiga jami'a, ya je wani ofis neman shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Akawun da ya karɓi takardar ya shafa ta da yatsa, ya tashi ya ɗaga ta a taga. Haske ya ratso ta daidai gurbin wurin haihuwa, kamar an ɗiga mai.

"Samari, wa ya kankare nan?"

"Ranka ya daɗe, ban sani ba."

Da gaske kuwa bai sani ba, sai a daren nan aka ba shi labari. Abin da ya biyo baya jeka-ka-dawo ne na makonni: wasiƙar mai gari, rantsuwa a kotu, kuɗin mota da na hoto, da kallon da ake yi wa wanda ake zaton baƙo ne ya zo satar ƙasa. Kafin takarda ta fito an rufe karɓa, shekarar ta wuce shi. Abin takaicin, wanda bai gano ba sai da ya shiga jami'a, shi ne kankarar ba ta da amfani tun farko. Sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a wajen Nijeriya, muddin ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Da an bar Madekali a inda take, da iyakarta tambaya ɗaya da amsa ɗaya. Tabon ne ya jawo tuhuma, domin akawu bai san abin da aka cire ba, ya dai san an cire wani abu, kuma zuciya takan cike irin wannan gurbi da mafi munin zato.

To, wanda ya sha wannan, yaya za a ce ya rubuta "goge iyaka" cikin minti ɗaya?

Ita iyakar kanta ba tsohuwa ba ce, kakan Malam ya girme ta. Illo, wadda ke 'yar tafiya kaɗan daga Lolo, tana cikin manyan garuruwan Borgu na da, kuma labarin gargajiya yakan haɗa ta da Busa da Nikki a matsayin garuruwan zuriyar Kisra. A Nuwamba 1894 Kyaftin Lugard, yana yi wa kamfanin Ingila mai cinikin Kwara aiki, ya yi tsere da Decoeur na Faransa zuwa Nikki, kowa na son ya riga samun hannun sarki a takarda. Rigimar ba ta kwanta ba sai da aka sa hannu a yarjejeniyar Faris ran 14 ga Yuni 1898, aka tsaga Borgu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Yarjejeniyar ta ce layin zai taɓa Kogin Kwara ne a mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen Illo, awon tafiyar tsuntsu. Wata yarjejeniyar ta 1906 ta ƙara tantance shi. Ba a daɗe ba Ingilishi suka cire Illo daga Borgu suka haɗa ta da Gwandu, inda take har yau. Ita kuwa tsohuwar Busa, ruwan madatsar Kainji ya rufe ta a 1968, kuma in ana neman inda "shafe" ta zauna daram, to nan ne. A ɗaya ɓangaren ma an yi ta sauye-sauye: Malanbil sunan wani gwamnan Faransa take ɗauke da shi, ƙasar kuma Dahome ce har 30 ga Nuwamba 1975, ranar da gwamnatin Kerekou ta sake mata suna.

Duk wannan a takarda aka yi shi, kuma da a takarda kaɗai ya tsaya, da roba ta isa. A ƙasa babu wani layi da ido ke gani. Fadamar shinkafa ɗaya ce, Dandanci da Hausa da Fulatanci ake ji a kasuwannin ɓangarorin biyu, masunta ba su san inda ruwan wata ƙasa ya ƙare ba. Amma cikin shekaru fiye da 120 layin ya sami wurin zama a wasu wurare. Yana cikin aljihu, inda naira da sefa ke zaune a rabe. Yana cikin aji, inda ɗan Lolo ke jin "erase", ɗan kawunsa na Madekali kuma ke jin "effacer", kalmar Faransanci da aka gina a kan sunan fuska, watau a kawar wa abu da fuskarsa. Yana cikin gorar da aka gitta a hanya da mai kaki a gefenta. Shugabannin Afirka da kansu, a taronsu na Alƙahira a 1964, suka amince a bar iyakokin yadda aka gaje su, don gudun yaƙe-yaƙen da taɓa su zai haifar. Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, ta fitar da yarjejeniyar zirga-zirga a 1979, amma ba ta ce ta cire layin ba, ta dai ce a riƙa tsallake shi ba biza.

Mutanen bakin iyaka sun daɗe suna zaton layin ya dushe da kansa, kamar rubutun da rana ta ci. A Agusta 2019 aka sake bin sa da tawada. Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, a Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe mashigai huɗu a Disamba 2020 babu na Kebbi a ciki, Kamba ma sai a Afrilu 2022. Masu goyon bayan matakin suna da hujjarsu, manoman shinkafa da dama sun ga farashi ya tashi sun ji daɗi. Sai dai a cikin watannin nan ne kakar saurayin ta wajen uwa ta kwanta ciwon ajali a Madekali. Tafiyar da a da ba ta wuce a hau babur a je a dawo kafin la'asar ba, sai ga shi ya rako mahaifiyarsa da asuba ta cikin kunyoyin shinkafa, ruwa har gwiwa, takalma a hannu, suna magana ƙasa-ƙasa kamar ɓarayi. Sun tarar an riga an kai ta.

Saboda haka da ya dubi jimlar da ke kan allo, sai kowace kalma ta tsaya masa a wuya. In ya ce a goge, ya yarda ke nan cewa alli ne, alhali ya ga abin ya kama jiki. In ya ce a shafe, ya san bangon makarantarsu, ya san damina na zuwa. Soke ita ce abin da aka riga aka gwada a 1979, layi yana nan an ratsa masa alƙalami. Kankare kuwa za ta fitar da shi, amma ya taɓa ganin takarda a taga. Wanke ta fi kwanta masa a rai, don ita kaɗai ke tambayar inda za a zuba ruwan, sai dai babu Bahaushen da zai ji "a wanke iyakoki" bai yi dariya ba. Marubucin Ingilishin bai sha wannan wahala ba, domin kalmarsa ta ba shi damar ya nemi abu ya ɓace ba tare da ya faɗi yadda za a yi ko abin da zai saura ba. Ana iya cewa wannan sauƙi ne ga harshe, ana kuma iya cewa hanya ce ta faɗin babbar magana da arha. Ƙamus, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa na Ingilishi da Hausa da Skinner ya fitar a 1965 da waɗanda suka biyo baya, aikinsa ya jera wa mutum kalmomi, ba ya zaɓar masa. Masu iya magana da suka ce hali zanen dutse ne, sun san akwai zanen da ba a tambayar da me za a cire shi.

Da malam ya iso kansa ya miƙa hannu, sai ya yi sauri ya rubuta "kawar da", wadda ba ta da laifi, ba ta kuma da gishiri. Takarda ta dawo bayan mako guda da jan biro a gefe: an ba shi rabin maki, an ce ya guje wa kalmar.

Da ya je hutu ya ba mahaifiyarsa labarin, suna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta yi shekara uku a lakwal kafin a cire ta, tana gane haruffa. Ba ta ce komai a kan fassarar ba, sai ta shiga ɗaki ta buɗe akwatin ƙarfe, ta fito da tsohuwar takardar, wadda ta karɓa ta adana tun da aka yi masa sabuwa. Ta ɗaga ta a rana ta daɗe tana dubawa. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta ce, "Kai wannan, taho ka gani." Ya matso. Ta sa farce a gefen hagu na gurbin, gab da inda Lolo ta fara, inda wani ɗan tsayayyen zane shuɗi ya saura, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Ƙafar harafin farko ce," in ji ta. "Baffanka ya ji tsoron takarda ta huje, ya bar ta."